Yaro mai jinkirin zama, tafiya ko magana: yadda za ki ga ƙananan nasarorinsa, ki yi murna da su

A gidajenmu abubuwa kaɗan ake ƙirgawa a tasowar yaro: ya zauna, ya yi rarrafe, ya fito da haƙori, ya miƙe, ya taka, ya ce Mama. Su ake tambaya a wurin suna da biki, su kaka take tambaya a waya. Yaron da tasowarsa ke tafiya daidai yakan kawo su ɗaya bayan ɗaya, kusan kowane wata biyu da sabon labari. Amma idan Allah ya ba ki yaro mai jinkiri, tsakanin zama da tsayuwa sai a yi shekara ko fiye, kuma duk tsawon wannan lokaci amsarki ɗaya ce: "Har yanzu dai." Uwar da ta yi wata goma tana faɗin haka, tana goya yaro zuwa asibiti wajen gashi (wato motsa masa gaɓoɓi), tana biyan kuɗin Adaidaita, dole gwiwarta ta yi sanyi. A nan da yawa suke daina zuwa asibiti, don a ganinsu babu abin da ya canja.

Alhali kuwa ya canja. Tsakanin kwanciya da zama akwai matakai fiye da goma, kuma yaron yana hawansu, sai dai ba wanda ya koya mana ganinsu. Ganin nan da murnar da ke biyo bayansa suna cikin aikin kansa, domin yaro yana maimaita abin da ya ga ya faranta wa uwarsa rai, uwa kuma tana jure wahalar da ta ga amfaninta.

Da farko, a san abin da ke damun yaron

Murna ba ta maye gurbin asibiti, don haka daga nan za a fara. A 2006 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da sakamakon binciken da ta yi kan yara masu ƙoshin lafiya a Ghana, Indiya, Norway, Oman da Amurka. Ta samu cewa zama ba tare da tallafi ba yana zuwa tsakanin wata 4 da wata 9, tafiya kuma tsakanin wata 8 da kusan wata 18, har akwai 'yan kaɗan da ba su yi rarrafe ba sam kuma lafiyarsu ƙalau. Ke nan tazarar tana da faɗi, ɗan maƙwabciya da ya taka a wata goma ba shi ne ma'auni ba. Amma idan yaro ya kai wata 4 wuyansa bai tsaya ba, ko wata 9 bai zauna ba, ko shekara guda ba ya gwaranci ba ya waiwayowa in an kira sunansa, ko wata 18 bai taka ba, ko shekara biyu bai haɗa kalma biyu ba, a kai shi likitan yara. Haka ma in jikinsa ya cika sanƙarewa ko ya cika laushi, ko kuma tun bai shekara ba hannu ɗaya kaɗai yake amfani da shi. Bakwaini kuma ana cire masa lokacin da ya riga haihuwa: wanda aka haifa saura wata biyu, in ya cika wata takwas a auna shi da ɗan wata shida, haka har ya shekara biyu.

Abin da ya fi kawo wannan matsala a wurarenmu sananne ne: doguwar naƙuda da jinkirin kuka bayan haihuwa, shawara mai tsanani a makon farko, sanƙarau, zazzaɓin cizon sauro da ya taɓa ƙwaƙwalwa, tamowa. Akwai gubar dalma, irin wadda ta ɓulla a ƙauyukan Anka da Bukkuyum a Zamfara a 2010, inda ake daka duwatsun zinare a cikin gidaje. Akwai kuma abin da yaro yake zuwa da shi tun daga ciki, kamar lalurar Down, mai jinkirta girman jiki da koyo. Babu ɗaya daga cikinsu da ke nufin yaron ɗan ruwa ne ko aljanu sun yi musaya, kuma babu wanda ya zama hukunci kan uwa.

Duk yaron da maganarsa ta yi jinkiri a gwada jinsa, ko da kina ganin yana ji, musamman wanda ya taɓa yin sanƙarau ko shawara. Idan yana taune-taune ko farfaɗiya, a fara shawo kan wannan da magani, don tana cinye abin da ya koya. Sashen gashi da na yara suna nan a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, da Asibitin Ƙashi na Dala, da asibitin koyarwa na Shika a Zariya, da na Sakkwato da Maiduguri. Kaduna kuma akwai cibiyar kula da kunne ta ƙasa. A Nijar akwai manyan asibitocin ƙasa na Yamai da Damagaram. In suna da nisa, fara da asibiti mafi kusa ki nemi takardar turawa.

Ki ajiye shaidar inda yake yau

Uwar da ke tare da yaro dare da rana ita ce ta ƙarshe wajen lura da canjinsa. Shi ya sa ake buƙatar shaida. Ki sayi littafin rubutu na 'yan makaranta, ki ware shi don wannan kawai. A shafin farko ki sa kwanan wata, ki raba shi gida uku: abin da yake yi da kansa, abin da yake yi in an taimaka, abin da bai fara ba. Da boko ko da ajami, duk ɗaya ne. In rubutu na ba ki wahala, ki naɗi muryarki a waya, ko babbar 'yarki ta rubuta miki.

Abin da ya fi muhimmanci shi ne yadda ake rubutawa. "Wuyansa ya ɗan yi ƙwari" ba ya aunuwa, bayan wata uku ba za ki san ko ya ƙaru ba. Ki rubuta: "Na kwantar da shi rub da ciki a tabarma, ya ɗaga kai na ƙirga biyar ya sauke." Ko: "Na zaunar da ita cikin baho da matashi uku, ta zauna har na gama wanke kwano biyu." Ko: "Cikin kira goma ya waiwayo sau uku." Ba ki buƙatar agogo, ƙirgen bakinki ya isa, muddin da shi za ki riƙa aunawa kullum.

Sannan sau ɗaya a wata ki ɗauki bidiyo na minti guda, a wuri guda, yana yin abu guda. Ki ɗaure shi da wata rana da ba za ki manta ba, kamar Juma'ar farko ta wata. Kada ki zaɓi ranar da ya fi kyau, ki ɗauka yadda ya zo.

Ki farfasa babban buri

Nan ne zuciyar aikin, kuma nan na fi so a daɗe.

"Ina so ya zauna" buri ne na gaskiya, amma ba a iya yin aiki da shi yau da safe. Sai an farfasa shi. Kafin yaro ya zauna, sai ya iya ɗaga kai yana rub da ciki. Sai ya dogara da gwiwar hannu. Sai ya miƙe hannuwa ya ɗaga ƙirji. Sai kansa ya daina faɗawa baya in an ɗago shi daga kwance. Sai ya zauna a cinyarki kina riƙe da ƙirjinsa, daga baya hannunki ya sauko ciki, daga baya ya sauko ƙugu. Sai ya zauna a ƙasa ya dafa hannu biyu a gaba. Sai ya saki hannu ɗaya ya ɗauki murfin kwano. Sai ya saki biyun. Sai ya koyi tare kansa da hannu in ya karkata. Kowanne daga cikin waɗannan ranar murna ce. Ranar da hannunki ya sauko daga ƙirjinsa zuwa ƙugunsa, tsokokin bayansa sun karɓi aikin da ke kike yi musu jiya, ko da mai wucewa zai ce har yanzu riƙe shi ake yi.

Cin abinci ma haka yake. Ya buɗe baki in ya ga cokali. Ya rufe leɓe a kan cokalin maimakon ki goge masa a dasashi. Ya haɗiye ba tari. Ya karɓi abu mai ɗan gudaji-gudaji, kamar dankalin Hausa da aka murmushe ko faten wake mai laushi. Ya riƙe yankan ayaba. Ya kai shi baki. Ya tsoma hannu cikin tuwo ya ɓata jikinsa da tabarma, wanda ci gaba ne sosai ko da ya ƙara miki wanki. A nan dole in tsaya in roƙi iyaye mata da kakanni: a daina ɗura. Kwantar da yaro a toshe masa hanci a zuba masa kunu yana iya kai kunun cikin huhu, kuma yaron da haɗiya ke ba shi wahala ya fi kowa shiga wannan haɗari. A zaunar da shi a miƙe, haɓarsa ta ɗan sunkuya, a ba shi kaɗan-kaɗan. Idan yana yawan ƙwarewa ko ciwon ƙirji yana yawan dawowa, a gaya wa likita.

Magana ita ce ta fi sa iyaye kuka, kuma ita ce aka fi kuskuren aunawa, domin ana jiran kalma ne kawai. Kalma kuwa ita ce ta ƙarshe a layi. Kafin ta zo akwai kallon ido, da murmushin mayar da martani, da waiwaye in an kira suna, da karɓa-karɓar sauti, ke ki ce "ba" shi ya ce "a". Akwai miƙa hannu a ɗauke shi, da nuna abu da yatsa, da kallon kofi sannan ya kalle ki. Wannan na ƙarshen babban abu ne: yaron ya gane cewa zai iya sa wani ya fahimci abin da ke ransa. Akwai fahimta, wadda takan riga furuci: kika ce "ina Baba?" ya juya wajen ƙofa. Yaron da ya koyi alamar hannu ta "ƙari" ko "ruwa" ya sami hanyar magana, kuma koyar da alama ba ya hana baki buɗewa.

Ga dabara guda da masu koyar da irin waɗannan yara suke amfani da ita sosai: fara daga ƙarshe. Idan sa wando kike koya masa, ki sa masa ƙafafu, ki ja har cinya, ki bar masa jan ƙarshe zuwa ƙugu. Shi ne ya kammala, shi ne ya sami yabo. In ya iya, ki tsaya a gwiwa. In ya iya, ki tsaya a idon sawu. Haka za ki yi ta ja da baya har ya zama shi ke yin duka. Da cokali ma haka: ki ɗebo, ki raka hannunsa har kusa da baki, ki saki. Amfaninta shi ne kowane gwaji yana ƙarewa da nasara.

Taimakon da kike bayarwa shi ma yana da matakai, kuma raguwarsa ci gaba ne da ya cancanci shiga littafi: hannunki a kan hannunsa, sai riƙon wuyan hannu, sai taɓa gwiwar hannu, sai nuni, sai magana kawai, sai shi kaɗai.

Kada ki ɗauki fiye da buri biyu ko uku a lokaci guda, kuma ki zaɓi wanda kike ganin zai samu cikin mako ɗaya zuwa uku. Wannan shi ne ginshiƙin tsarin Portage, wanda aka fara a Amurka a 1969 ya kuma bazu ƙasashe da yawa: malami ya zo gida, shi da uwa su zaɓi ɗan ƙaramin abu, ita ta koyar cikin mako, a auna. In mako uku ya wuce babu motsi, matakin ne ya yi girma, sai a sake raba shi biyu. Kuma ki saka koyarwar cikin hidimar gida, lokacin wanka, shafa mai, cin abinci, sa kaya. Minti biyar sau da yawa a rana ya fi awa guda ta kuka.

Murnar da yaron zai gani

Murna ta farko ta yaron ce, kuma lokacinta shi ne nan take. Idan ya saki hannu ya zauna, kika ci gaba da tsintar shinkafa, da dare kika ba mahaifinsa labari, yaron bai san ya yi komai ba. Cikin daƙiƙa biyu ko uku ya kamata ya ga sakamako. Ki sauko daidai fuskarsa, ki saki fuska, ki faɗi abin da ya yi da kalmomi kaɗan: "Yauwa! Ka riƙe kofi!" Faɗin abin ya fi "yaron kirki", domin yana haɗa masa aikin da sunansa. Ƙoƙari ma a yaba masa. Ya miƙa hannu bai kai ba, ki ce "Yauwa, ka miƙa," ki matso da abin kaɗan ya samu.

Sai ki lura da irin murnar da ɗanki yake so, don ba duka suke ɗaya ba. Wani tafi da guɗa ne ke sa shi ƙyalƙyala dariya. Wani kuwa, musamman mai sanƙarewar jiki, ƙara mai ƙarfi tana firgita shi, jikinsa ya ƙage, ya faɗi daga zaman da ya sha wahala ya samu. Wannan murya ƙasa-ƙasa da murmushi suka dace da shi. Yaro mai galahanga irin wadda ke sa ƙin hayaniya da taɓawa yana iya ɗaukar runguma da ihu a matsayin horo, sai ya ƙi maimaita abin. Ladansa wataƙila a bar shi ya yi wasa da ruwa a roba, ko a juya masa murfin da yake so. Wanda ba ya ji, fuskarki da hannuwanki ne yabonsa, ki tabbata yana kallonki. Wanda ba ya gani, murya da shafa. Alawa da biskit a yi taka-tsantsan da su: suna aiki da sauri, amma suna ɓata haƙori, suna kashe cin abinci, kuma yaro yana iya ƙin yin komai sai da su. In abin ya zauna masa, ki rage yabon a kansa ki mayar kan mataki na gaba.

Akwai wani abu namu da ya kamata a faɗa a fili. Al'adar kunyar ɗan fari tana hana uwa kiran sunan ɗanta, da yi masa wasa ko nuna so a gaban surukai. Kara ce mai kyau a wurinta, ban raina ta ba. Amma yaron da ke koyon waiwaye in an kira shi yana buƙatar jin suna guda daga bakin da ya fi sani, kuma wanda ke koyon kallon ido yana buƙatar fuskar uwarsa a sake. In ɗan fari ne ke da jinkirin, ki zaɓi laƙabi guda, kowa a gidan ya riƙa kiransa da shi. Ki yi masa wasa son ranki a ɗaki. Ke kuma Hajiya, surukarta, kalma ɗaya daga bakinki ta isa ta warware wannan: "Ki sake da ɗanki, likita ya ce magani ne."

Wa za a gaya wa, kuma yaya

Iyaye mata da yawa suna ɓoye ci gaban yaro don tsoron baki. Ba sai an tilasta wa kowa yin shela ba, amma kada tsoron ya sa ki haɗiye farin cikinki ke kaɗai. Ki zaɓi mutum biyu ko uku da kika san za su gane darajar abin, 'yar'uwa, ƙawa, ko wata uwa da kuka saba a layin gashi. Irin wannan uwar ita ce za ki ce wa "yau ya rufe baki a kan cokali" ta riƙe hannunki idonta ya kawo ruwa, don ta san watanni nawa ke bayan wannan magana. A ce Masha Allah, a ce tubarkalla, a yi wa yaro addu'o'in tsari, sannan a yi murna da zuciya ɗaya.

Malam, maigida, kai ma da naka. In ka dawo, kafin ka tambayi abinci, ka tambaya: "Yau me ya yi?" Ka zauna a tabarma a nuna maka. Kada ka ce "shi ke nan?", kada ka ce "to yaushe zai yi tafiya?" Wannan tambaya tana rushe aikin mako guda. Ka ɗauke shi ka fita da shi ƙofar gida, mutane su gan shi a kafaɗarka. Yadda ka riƙe shi a gaban jama'a, haka danginka za su riƙe shi. Ka kuma yaba wa uwar da bakinka, don duk abin da yaron ya iya, da bayanta da barcinta aka biya.

Yayye da ƙanne a ba su aiki: wannan ya riƙe abin wasa a gaba, wannan ta ƙirga, wannan ya rubuta a littafi. Yara sun fi manya iya murna, kuma yaro yakan yi wa ɗan'uwansa abin da ya ƙi yi wa babba. Sai dai a tuna su ma suna da nasu nasarorin. Wadda ta haddace sura ko ta ci jarrabawa a yi mata nata, kada ta taso tana ganin sai mai lalura ake tafa wa.

Ga manyan matakai, kamar ranar da ya zauna shi kaɗai, ko ya yini bai ɓata wando ba, ko ya furta kalmar farko, yana da kyau a yi wani abu da gida zai tuna. Sujadar godiya. Sadakar ƙosai ko waina ga yaran unguwa. Dafa abin da yaron ya fi so. Kiran kaka ta ji da kunnenta. Ba ya buƙatar kuɗi mai yawa, kuɗin ya fi amfani a motar asibiti. Bidiyonsa kuma a yi tunani kafin a sa a WhatsApp ko Facebook ko TikTok: abin da ya fita ba ya dawowa, yaron zai girma, kuma ba kowane mai kallo ne mai tausayi ba. Hotonsa ba kaya ko yana kan fo kada ya bar wayarki.

Masu tambayar wurin biki kuma, ki shirya musu amsa tun daga gida don kada su same ki ba shiri. "Alhamdu lillahi, muna ganin likita, yana samun ci gaba" ta isa. Mai kawo labarin wani mai magani da ke warkarwa cikin mako biyu, a yi masa godiya a wuce. Babu maganin sha ko na shafawa da ke goge lalurar Down ko raunin da ƙwaƙwalwa ta samu wajen haihuwa. Addu'a tana tafiya tare da asibiti, amma tsaga, da turara hayaƙi a hancin yaro, da jiƙe-jiƙen da ba a san abin da ke ciki ba, cutarwa ce.

In abin ya tsaya, ko ya koma baya

Zai tsaya. Kowane yaro yana da lokacin da za a yi makonni kamar ba a motsi, wani lokaci don ƙarfinsa ya tafi wani fanni: yana fama da tsayuwa, sai gwarancin ya ragu. Zazzaɓi, gudawa ko ƙyanda kuma suna iya mayar da shi baya na ɗan lokaci, ya dawo in ya murmure. A irin wannan lokaci ki buɗe littafin daga shafin farko, ki kalli bidiyon wata shida da suka wuce. Sannan ki nemi ci gaban da ke ɓoye. Abin da yake yi, ya fi daɗewa a kai? Ya fi yin sa da sauƙi? Da can sai ke, yanzu yana yi wa babansa? Da can sai a ɗaki, yanzu har a gidan kaka? Kukan wanka ya ragu? Yana barci ya fi na da? Dalalar miyau ta ragu? Ga yaron da lalurarsa ta yi tsanani, a ce an shekara gaɓoɓinsa ba su ƙage ba, bai sami gyambon kwanciya ba, nauyinsa ya ƙaru, wannan nasara ce ta gaske, kuma hannun uwarsa ne ya kawo ta.

Amma a bambance wannan da ɓacewar abin da ya riga ya iya. Yaron da yake faɗin kalmomi ya daina, ko yake zama ya daina ba tare da wata rashin lafiya ba, ko ya fara wata zabura yana dunƙulewa sau da yawa a jere, musamman in ya farka daga barci, wannan na likita ne cikin gaggawa, ba a jira ranar da aka ba ku.

Akwai kuma ranar da za ki ga sa'ar ɗanki sanye da kayan makaranta, ki koma ɗaki ki yi kuka, alhali jiya kin yi murnar ya riƙe cokali. Duka biyun gaskiya ne, kuma kukan bai rage miki imani ko godiya ba. Sai dai idan baƙin cikin ya zauna fiye da mako biyu, barci ya ƙaurace, abinci ya fita ranki, ko kina jin rayuwa ta ishe ki, ki gaya wa likitan da ke duba yaron. Ciwo ne mai magani.

Ki tafi asibiti da littafin

Ma'aikacin gashi yana ganin yaron na ɗan lokaci, sau da yawa yana kuka don baƙon wuri. Littafinki da bidiyonki su ne za su nuna masa yaron na gaskiya. Ki nuna masa abin da aka samu tun zuwan baya, sannan ki yi tambaya uku: wane mataki ne na gaba, yaya zan yi shi a gida da kayan da nake da su, kuma me zan guje wa? Ki roƙe shi ya yi a gabanki, ke ma ki yi a gabansa ya gyara miki riƙo, in ya yarda a ɗauka a waya. Ki tambaye shi kafin ki sayi keken koyon tafiya irin wanda ake zura yaro a ciki, don masu gashi da yawa ba sa son sa, yana koya wa yaro taka ƙasa da yatsu. Ki kuma tambayi abin da ya dace ki sa rai da shi ga irin lalurar ɗanki. Masu lalurar Down, alal misali, galibi sukan taka wajen shekara biyu, wasu har zuwa huɗu.

Duk wata uku ki sake cika shafi mai gida uku kamar na farko, ki ajiye su gefe da gefe, ki ja layi ƙarƙashin duk abin da ya tashi daga "bai fara ba" zuwa "da taimako", ko daga "da taimako" zuwa "da kansa". Lokacin makaranta in ya zo, wannan littafin za ki kai wa malamarsa, ta san abin da ya iya da irin yabon da ke motsa shi tun ranar farko. A Najeriya dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba shi haƙƙin karatu kamar kowane yaro, don haka in makaranta ta yi jan ƙafa wajen karɓarsa, ki tafi da mahaifinsa da takardar likita ku nemi ganin shugabanta.